Wane Ne Mai Gardama?

Karatu: 1 Korantiyawa 11:16, Ayyukan Manzanni 6:1-7, Farawa 26:17-22

A yau za mu yi nazari a kan kalma guda wadda ba ta rabuwa da bakinmu, a gida da kasuwa da cikin ikkilisiya. Kalmar ita ce "mai gardama". Miji yakan faɗa wa matarsa, uwa takan faɗa wa ɗanta, dattijo yakan faɗa wa saurayin da ya ɗaga hannu a taron ikkilisiya. Da zarar an faɗe ta, magana ta ƙare, gama ba mai son a san shi da wannan suna. To, mene ne ainihin ma'anarta? Wa ya cancanci a kira shi haka, wa kuma ake zalunta da ita?

Kalmar a bakin Bahaushe

Yawancinmu da wani harshe aka goye mu, Gbagyi ko Koro ko Gade ko Gwandara ko Nufanci, amma Hausa ce ta haɗa mu a kasuwa da wurin sujada. Saboda haka ya kamata mu san nauyin kalmomin da muke jifan juna da su.

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fanni, kowace da gurbinta. Musu shi ne a faɗi abu ka ce ba haka ba ne. Jayayya daga "ja" ta fito, wato wannan ya ja nan, wancan ya ja can, kamar mutum biyu da igiya ɗaya. Muhawara kuwa zama ne na masu neman a gane gaskiya, kowa ya kawo hujjarsa, a saurare shi. Ka-ce-na-ce da cacar baki su ne lokacin da murya ta hau, kunne ya toshe. Gardama tana iya shiga cikin kowanne daga cikinsu, amma tana da wani ɗanɗano nata na dabam.

Ku lura da yadda ake amfani da ita. Direba a tasha yakan ce, "Motar nan ta yi mini gardama yau da safe." Ya murɗa makulli, an tura, an sāke turawa, ta ƙi tashi. Mai jaki ma yakan ce jakinsa ya yi gardama, ya kafe a tsakiyar hanya, a ja shi ya ƙi, a kora shi ya ƙi. Mota ba ta da hujja, jaki ma ba shi da ita. Abin da ke akwai kawai shi ne ƙin motsi. Wannan ya nuna mana cewa a cikin gardama akwai kafewa. Shi ya sa in abin ya zama wa mutum jiki, akan ce da shi gardamamme, mace gardamammiya. Shi ne wanda in ka ce fari ya ce baƙi, in ka dawo ka ce baƙi ya ce ai fari ne. Ko an kawo masa shaida goma, zai nemi ta goma sha ɗaya.

Kalmar a bakin Bulus

Manzo Bulus ya rubuta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa daga Afisa, wajen shekara ta 55 bayan haihuwar Almasihu. Ikkilisiyar Koranti ta yi suna wajen rarrabuwa. Tun a sura ta 1 muna ganin sun kasu ƙungiya ƙungiya, waɗansu na bayan Bulus, waɗansu na bayan Afolos, waɗansu na bayan Kefas. A sura ta 6 har suna kai juna ƙara gaban alƙalan da ba masu bi ba. A sura ta 11 kuma ga zancen rufe kai a wurin sujada, zancen da har yau ake tayar da jijiyar wuya a kansa a ikkilisiyoyinmu. Bulus ya kawo dalilansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai aya ta 16, sai ya nuna ya san akwai wanda ba zai gamsu ba ko da me aka faɗa masa. Bai ci gaba da ja da irin wannan mutum ba. Ya nuna masa abin da sauran ikkilisiyoyi suka saba yi, ya wuce zuwa wata magana.

Kalmar Helenanci da Bulus ya kira wannan mutum da ita ita ce "filoneikos". Kalmomi biyu ne aka haɗa. Ta farko tana nufin ƙauna, ta biyu tana nufin husuma, wato mai ƙaunar husuma. A harshen Helenanci kuma kalmar husuma da kalmar nasara suna da kamar sauti ɗaya, har tun zamanin dā marubuta sukan gauraya su, wani ya rubuta "mai son husuma", wani ya rubuta "mai son nasara". Dukansu biyu sun dace da mutumin da muke magana a kansa. Abin da yake ƙauna shi ne a ce shi ya ci.

A nan kaɗai wannan kalma ta fito a dukan Sabon Alkawari. 'Yar'uwarta kuma ta fito sau ɗaya, a Luka 22:24. A ina ke nan? A wurin Jibin Ubangiji, a daren da aka ba da Yesu. Ubangiji ya gama ba su gurasa da ƙoƙo, ya gaya musu mutuwarsa ta zo, su kuwa almajiran suka shiga ja a kan wane ne babba a cikinsu. Jama'a, ku dubi wannan da kyau. Ba a kan koyarwa suka yi ja ba, a kan girma ne. Sau da yawa in muka tone gardamar da ake yi a kan riga ko ganga ko kujerar gaba, abin da za mu tarar a ƙarƙashi shi ne wannan tsohuwar tambaya, wato wane ne babba.

Bulus ya sāke taɓa zancen a wasiƙunsa ga Timoti da Titus. Cikin halayen da ya jera na wanda za a ba shi kula da ikkilisiya, a 1 Timoti 3:3, akwai cewa kada ya zama mai son faɗa. A Titus 3:2 kuma ya ɗora wannan a kan kowane mai bi. A 2 Timoti 2:14 ya yi gargaɗi a kan yaƙi saboda kalmomi, ya nuna cewa masu sauraro ne suke cutuwa. Haka yake. In manya biyu suka kafe a taro, su kam kowa zai koma gida yana jin shi ne gwani. Amma sabon tuba da ke zaune a baya, da yaran da suke kallo, su ne za su tafi da raunin.

Littafin Karin Magana ma bai yi shiru ba. A 27:15 an kwatanta mace mai yawan faɗa da rufin da ke yoyo ran da aka wuni ana ruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya mai tsohon kwano a watan Agusta ya san wannan azaba. Maza da yawa sun haddace wannan aya. Amma muna roƙonku, iyayenmu maza, ku koma baya kaɗan zuwa 26:21, inda aka kwatanta namiji mai husuma da itacen da ake ƙara wa wuta. Cutar ba ta zaɓi mace ta bar namiji ba.

Ba duk mai kuka ne mai gardama ba

Yanzu mun zo inda ake yawan yin kuskure. Tun da Littafi Mai Tsarki ya tsauta wa mai gardama, waɗansu sun mai da kalmar sandar rufe bakin mutane. Ma'aji ya karanta rahoton kuɗi, wani ya ce lissafin bai cika ba, sai a ce, "Ka cika gardama." Gwauruwa ta tambayi dangin mijinta ina rabon 'ya'yanta a gonar ubansu, sai a ce gardamammiya ce. Yarinya ta ce ba ta son mijin da aka zaɓa mata, sai a ce gardama ce irin ta 'yan boko. Wannan zalunci ne, ko da an yafa masa ayar Littafi.

Mu duba Ayyukan Manzanni sura 6. A ikkilisiyar farko ta Urushalima akwai Yahudawa masu jin Helenanci, akwai kuma 'yan ƙasa masu harshen gida. Masu jin Helenanci suka yi gunaguni, domin ana tsallake gwaurayensu mata a rabon abinci na kowace rana. Kun ga, matsalar harshe da kabila ce, irin wadda mu ma muka sani. Me manzanni suka yi? Ba su ce waɗannan baƙi sun cika gardama ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai a danƙa musu aikin. In kuka karanta sunayen bakwai ɗin, daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, za ku ga dukansu sunayen Helenanci ne. Wato an saurari kukan, an kuma ba da amana ga ɓangaren da ya yi kukan. Aya ta 7 ta nuna cewa bayan haka ikkilisiya ta ƙara yawa.

Misalai irin wannan suna da yawa. A Littafin Ƙidaya sura 27, 'ya'yan Zelofehad mata su biyar suka tsaya gaban Musa da shugabanni suna neman gādon mahaifinsu, Allah kuwa ya ba su gaskiya. A Galatiyawa sura 2 Bulus ya tsauta wa Bitrus ido da ido a Antakiya, domin ya janye daga cin abinci tare da al'ummai. A Ayyukan Manzanni sura 15 manzanni da dattawa suka yi doguwar muhawara a kan kaciya, kowa ya faɗi nasa, aka saurari Bitrus, aka saurari Barnaba da Bulus, Yakubu ya rufe, aka fita da shawara ɗaya. Albarkacin wannan muhawara ce ni da kai, da ba Yahudawa ba, muke cikin ikkilisiya a yau ba tare da an ɗora mana dokar kaciya ba. Shi Bulus ɗin kuma, da za a yi masa bulala ba bisa doka ba a Urushalima, ya buɗe baki ya faɗi 'yancinsa na ɗan ƙasar Roma.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Akwai masu sauraronmu da iyayensu suka rasa gonaki da ƙauyuka sa'ad da aka yanki ƙasar birnin tarayya, har yau kuma akwai masu neman diyya da matsuguni. Wanda ya bi hanyar doka, cikin natsuwa, yana neman hakkin jama'arsa, bai yi gardama ba. Mu kuma mun san zafin sunan da wani ya laƙaba maka. Shekaru da yawa ana kiran Gbagyi da sunan da ba su suka zaɓa ba, har in mutum bai iya Hausa sosai ba a ce yana gwaranci. Wanda ya san wannan ciwo bai kamata ya yi saurin manna wa ɗan'uwansa suna ba. Magana zarar bunu ce. Ka kira yaro mai gardama tun yana ɗan shekara bakwai, ko dai ya daina tambaya gaba ɗaya, ko kuwa ya ce tun da haka ne bari ya zama abin da ake faɗa.

Yadda za mu bambanta

To, yaya za mu gane mai neman gaskiya daga mai son gardama, tun da dukansu biyu suna cewa "a'a"? Ga waɗansu alamu. Muna roƙo kowa ya gwada su a kan kansa tukuna, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Alama ta fari, mai neman gaskiya yana iya gaya maka abin da zai sa ya yarda. Zai ce, "Ku nuna mini rasit, in na gani shi ke nan." In an nuna masa, sai ya yi godiya ya zauna. Mai gardama kuwa in an nuna masa rasit, sai ya koma kan wanda ya sa hannu, in an warware wannan ya koma kan ranar da aka rubuta.

Alama ta biyu, mai neman gaskiya yana jin abin da kake faɗa. In ka ce ya maimaita maganarka, zai iya maimaita ta daidai. Mai gardama tun kana magana yana ɗaura wa amsarsa sirdi. Yakubu 1:19 ya sa ji a gaban magana, mu kuwa mun juya tsarin.

Alama ta uku, mai neman gaskiya yakan fara zuwa wurinka a keɓe, yadda Ubangiji ya koyar a Matiyu 18:15. Mai gardama yana bukatar 'yan kallo. Yakan jira ranar taro, ko kuwa a wannan zamani ya rubuta a WhatsApp inda kowa zai gani. Wanda yake son a gyara abu ba ya damuwa ko an san shi ne ya kawo gyaran.

Alama ta huɗu, ku dubi abin da ya bari a baya. Gidan haya mai ɗaki goma, rijiya ɗaya, takardar kuɗin wuta ɗaya, dole a riƙa saɓawa, gama tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Amma akwai wanda in an yi lissafi da shi, a ƙarshe an biya kuɗin, gobe kuma ana gaisawa. Akwai kuma wanda a kan naira ɗari biyu zai sa maƙwabta su yi wata uku ba sa ga maciji da juna. In ka duba ka ga kowace ƙungiya ka shiga, ta mawaƙa ko ta matasa ko Zumuntar Mata, ba ta daɗewa sai ta dāre biyu, lokaci ya yi da za ka tambayi kanka.

Rijiyoyin Ishaku

Me za mu yi in mun gamu da mai gardama na ainihi? Farawa sura 26 ta ba mu misali. Ishaku ya zauna a kwarin Gerar, bayinsa suka haƙa rijiya suka sami ruwa. Makiyayan wurin suka ce tasu ce. Ishaku ya sa mata suna Esek, ma'anarsa jayayya, ya bar musu. Aka haƙa ta biyu, suka sāke tasowa, ya sa mata suna Sitna, wato gāba, ya matsa gaba. A ta uku ba wanda ya zo, sai ya kira ta Rehobot, wato wuri mai fāɗi. Ishaku ba rago ba ne. Surar ta nuna yana da dukiya da bayi da yawa, har sarkin ƙasar ya ce ya fi ƙarfinsu. Ya bari ne yana da ikon ja. Daga baya sarki Abimelek da kansa ya zo neman yarjejeniyar zaman lafiya da shi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Garin da muke ciki ma yana da abin da zai tuna mana. Wannan gari shi ne Abuja na asali, wanda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a 1828. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta tsai da shawarar gina sabon babban birnin ƙasa. Sunan Abuja ya koma can, garin nan kuwa ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Sunan da gari ya riƙe kusan shekara 150 ba ƙaramin abu ba ne. Duk da haka ga garin nan yana tsaye, kasuwa tana ci, kowace safiya kuma dubban ma'aikata suna fita daga nan su wuce Dutsen Zuma su tafi aiki a birnin da ya ɗauki sunan. In gari ya rayu bayan ya rabu da sunansa, kai ma ba za ka mutu ba don ka bar wa matarka ko maƙwabcinka kalma ta ƙarshe.

Hikimar ita ce a san abin da ake bari da abin da ba a bari. Yahuza aya ta 3 ta kira mu mu tsaya da ƙarfi saboda bangaskiya. Hakkin maraya da gwauruwa, gaskiya a kan kuɗin baiko, tsabtar bishara, waɗannan ba a yin shiru a kansu. Amma launin ankon Zumunta, da wa zai fara waƙa ran Kirsimeti, da ko sujadar Hausa ce za ta riga ta Turanci, waɗannan rijiyoyi ne da za a iya bari a haƙa wata. Bulus da Barnaba sun rabu a kan Markus da zafin rai, amma a ƙarshen ransa Bulus ya aika a kawo masa Markus ɗin, ya shaida yana da amfani a gare shi. Wanda zai iya sāke ra'ayi haka a kan mutum, gardama ba ta mallake shi ba.

Saboda haka, 'yan'uwa, kafin ka ce da wani mai gardama, ka tambaye shi sau ɗaya, "Me kake so a gyara?" Ka ji amsar har ƙarshe. In kuwa kai ne ake yawan faɗa wa, daga bakin matarka da abokin aikinka da fastonka, kada ka ce duk sun haɗa maka baki ne. Ka kai abin gaban Ubangiji Yesu, wanda a daren da almajiransa suke ja a kan girma ya tashi ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafunsu. Shi kaɗai yake iya cire son nasara daga zuciyar mutum.

Mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne ka ba mu baki, kai ne kuma ka ba mu kunne. Ka gafarta mana inda muka kafe don girman kai, muka raunana 'yan'uwanmu. Ka gafarta mana inda muka rufe bakin mai gaskiya da mugun suna. Ka ba mu ƙarfin hali mu yi magana saboda marasa ƙarfi, ka ba mu tawali'u mu yi shiru a kan abin da ya shafi girmanmu kaɗai. Ka sa salamarka a gidajenmu, da ikkilisiyoyinmu, da tsakaninmu da maƙwabtanmu a Suleja da ƙasarmu duka. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.